Rabe-raben Dazuzzukan Fayin na Ƙasashe Masu Ɗumi da Gurbinsu a Tsarin Tsirran Arewa: Duba daga Fagge da Sabon Gari, Kano

1.0 Itacen da inda yake fitowa

Fayin, wanda masana tsirrai ke kira Pinus, Larabawa kuma sanaubar, itace ne da ba ya fure. Yana ɗauke da irinsa ne a cikin wani ƙoƙo mai tauri mai ɓawo hawa-hawa, jikinsa kuma cike yake da ƙaro mai saurin kama wuta. Ganyensa sirara ne, tsinke-tsinke, suna fitowa a ɗaure bibbiyu ko uku-uku ko biyar-biyar, kuma yawan tsinken da ke cikin ɗauri guda shi ne abin da ake fara dubawa wajen tantance nau'i. Nau'o'insa sun haura 100, kusan dukkansu a arewacin duniya. Ɗaya tak, Pinus merkusii, shi ne ya tsallake layin ikwaita da kansa, a tsibirin Sumatra na Indunusiya.

An saba danganta itacen da ƙasashen ƙanƙara, amma ƙasar da ta fi kowace yawan nau'o'insa ita ce Meziko, inda ake da fiye da 40. A Afirka kuwa ba ya fitowa da kansa sai a arewa da Sahara, a Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, sai tsibiran Kanari. Duk fayin da aka gani a kudu da Sahara, daga Kaduna har Afirka ta Kudu, hannun mutum ne ya kawo shi ko ya kawo kakansa. Wannan maƙala tana bibiyar yadda ake rarrabe dazuzzukan fayin na ƙasashe masu ɗumi, sannan ta auna ko ma'aunan sun dace da abin da ke Arewacin Nijeriya. Matsayinta shi ne: sunan itacen da ya fi tsawo a daji bai isa ya zama sunan dajin ba.

2.0 Ma'aunan rarrabewa

Hanya mafi sauƙi ita ce duba siffar daji: tsawon itatuwa, yawan inuwar da suke yi, da ko suna kaɗe ganye da rani. A kanta Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gina ma'anar daji, wato fili da ya wuce rabin hekta, itatuwansa suka haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasa. Ma'aunin yana da amfani wajen ƙididdiga tsakanin ƙasashe. Illarsa ita ce yana zuba gonar itace da aka dasa shekara goma da suka wuce da dajin da ya shekara dubu a ƙwarya guda.

Hanya ta biyu tana bin yanayi. Littafin tsirran ƙasar Sin na 1980, wanda Wu Zhengyi ya jagoranci haɗa shi, ya kasa dazuzzukan masu siraran ganye gwargwadon zafin yankinsu, ya sanya Pinus massoniana da Pinus yunnanensis a rukunin masu ɗumi. A Indiya, Champion da Seth sun kasa dazuzzukan ƙasar gida 16 a 1968, na tara shi ne dajin fayin na gefen yankin zafi. A 2001 David Olson da abokan aikinsa suka raba tsandaurin duniya zuwa manyan muhallai 14, suka keɓe guda ga dazuzzukan masu siraran ganye na yankin zafi da gefensa.

Ta uku ita ce ta Josias Braun-Blanquet, ɗan ƙasar Suwizalan, wanda littafinsa na 1928 ya kafa tsarin da har yau ake bi. Mai bincike zai yanki fegi a cikin daji ya rubuta sunan duk tsiron da ke ciki, tun daga babban itace har ciyawar da ba ta kai idon sawu ba, ya ba kowanne maki gwargwadon ƙasar da ya rufe: 1 ga abin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, 2 daga 5 zuwa 25, 3 daga 25 zuwa 50, 4 daga 50 zuwa 75, 5 ga abin da ya haura haka. Daga nan sai a jera fegogin, a nemo tsirran da ba sa rabuwa da juna. Tun 1979 manhajar TWINSPAN ta Mark Hill ta ɗauke wa masu bincike wahalar jeri da hannu, amma ba ta ɗauke musu wajabcin sanin tsiro da ido ba.

Ga dajin fayin, hanya ta uku ta fi bayyana gaskiya, saboda wani dalili da ya keɓanta da itacen. Sau da yawa nau'i guda ne ke mamaye sama baki ɗaya, a faɗin ɗaruruwan kilomita, a kan ƙasa iri-iri. Wanda ya ɗaga kai zai ga daji guda. Wanda ya sunkuya zai ga biyar ko shida, domin ciyawa da ƙananan itatuwan ƙarƙashi su ne ke sauyawa da sauyin ƙasa da ruwa da wuta.

3.0 Manyan rukunai

Idan aka haɗa lokacin saukar ruwa da tsayin ƙasa bisa teku da irin ƙasar da kuma yawan gobara, dazuzzukan fayin masu ɗumi suna faɗawa cikin rukunai kamar haka.

Na farko shi ne dajin fayin mai ciyawa na ƙasar kwari. Misalinsa mafi girma yana gaɓar Miskito, tsakanin Honduras da Nikaraguwa, da kuma filayen Beliz, inda Pinus caribaea ke tsaye jefi-jefi a cikin ciyawa, a kan ƙasa mai tsami, mai yashi da tsakuwa, marar taki. Ruwan sama a wurare da dama na gaɓar Miskito ya haura milimita 2,500 a shekara, adadin da ya isa ya raya kurmi mai duhu. Abin da ya hana kurmin shigowa shi ne wuta. Tana bi ta cinye 'ya'yan itatuwa masu faɗin ganye, ta bar fayin saboda kaurin ɓawonsa. Inda aka hana gobara na tsawon shekaru, kuma ƙasar tana da ɗan ƙarfi, masu faɗin ganyen sukan taso su yi inuwa, irin fayin ya kasa tsira a ƙarƙashinsu, dajin ya rikiɗe. Haka abin yake ga Pinus palustris na kudu maso gabashin Amurka, wanda ke zaune da ciyawar Aristida stricta. Wannan nau'in yakan shafe shekaru yana ƙarami a tsugune, tsinkayensa sun lulluɓe tohonsa, yana aika saiwa ƙasa. Sai ya tara ƙarfi sannan ya miƙe da sauri ya wuce inda harshen wutar ciyawa ke kaiwa. Nau'in merkusii na Tailan da Kambodiya ma yana da wannan ɗabi'a. Saboda haka duk rabe-raben da bai sa tarihin wuta cikin ma'aunansa ba zai ɗauki mataki ɗaya na rayuwar daji a matsayin daji mai zaman kansa.

Na biyu shi ne dajin dutsen farar ƙasa, a tsibiran Bahamas da kudancin Fulorida. Ƙasar ba ta da zurfi, ba ta da tsami, ƙarƙashin itatuwan kuma gajerun dangin dabino ne suka fi yawa. A Bahamas itacen shi ne dai caribaea, reshen da ake kira bahamensis. Nau'i guda ke nan a gida biyu da ba su haɗa kusan komai ba in ban da shi.

Na uku shi ne dajin gangaren tsauni, wanda ya fi kowane faɗi. A Meziko da Amurka ta Tsakiya Pinus oocarpa, mai tsinke biyar a ɗauri, yana cuɗanya da itatuwan Quercus, kuma wani ɓangare na ƙoƙonsa yakan zauna a rufe a kan reshe sai zafin gobara ya buɗe shi. A Asiya akwai Pinus kesiya a tuddan Khasi na Indiya da Bama da Biyetnam da tsibirin Luzon na Filifin, da Pinus roxburghii a gindin tsaunukan Himalaya, tsakanin kimanin mita 500 zuwa 2,000 bisa teku. Abin da ya haɗa su shi ne damina mai ƙarfi a lokacin zafi, sai rani bayyananne, sai sanyin dare da tsayi ke kawowa.

Na huɗu, dajin kudancin Sin, yawancinsa ya taso ne bayan an sare kurmin asali. Massoniana itace ne mai saurin kama ƙasar da ta gaji.

Na biyar shi ne na gaɓar Bahar Rum, inda Pinus halepensis da Pinus brutia suke. Wannan yana da ɗumi, amma ruwansa da sanyi yake sauka, lokacin zafi kuma fari ne. Shigar da shi rukuni guda da na Honduras don kawai dukansu biyu suna da ɗumi kuskure ne da kan biyo bayan dogaro da alƙaluman zafi kaɗai. Itacen da ya saba shan ruwa da sanyi ba zai ji daɗin inda ruwa ke zuwa da zafi ba.

4.0 Fayin a Arewacin Nijeriya

Taswirar tsirran Nijeriya da aka fi sani ta samo asali ne daga Auguste Chevalier, wanda a 1900 ya kasa Afirka ta Yamma zuwa shiyyoyin Sahel da Sudan da Gini, sai R. W. J. Keay ya faɗaɗa ta ga Nijeriya a littafinsa na 1949, wanda bugu na uku ya fito a 1959. A tsarin Keay, Kaduna da Zariya suna cikin shiyyar Gini ta Arewa, ƙasar doka. Birnin Kano yana cikin shiyyar Sudan, ƙasar kuka da tsamiya da gawo da marke. Sai an nausa kudancin jihar, wajen dajin Falgore, sannan doka ke bayyana. Taswirar Frank White ta 1983 ta sauya sunaye da wasu iyakoki, amma ita ma tana bayanin tsirran asali ne. Babu gurbin fayin a ko ɗaya daga cikinsu, kuma daidai ne.

Abin da ya kawo itacen shi ne buƙatar katako mai laushi da kuma takarda. A lokacin, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin suna buƙatar ɓargon itace mai dogon zare don takarda ta yi ƙwari. Malaina, wadda aka dasa da yawa, gajeren zare gare ta. Dogon sai an shigo da shi daga waje. An jarraba nau'o'in fayin da dama a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna, da Miyango a tsaunin Jos, da tsaunin Mambila, kuma tashar binciken dazuzzukan sabana da ke Samaru, Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta ɗauki kaso mai yawa na aikin. Waɗanda suka fi karɓar ƙasar su ne caribaea reshen hondurensis da oocarpa, sai kesiya a wurare masu tsayi.

Cikas na farko a ƙarƙashin ƙasa yake. Saiwar fayin ba ta iya tsotso abinci yadda ya kamata sai da taimakon wasu halittu 'yan dangin naman kaza da ke lulluɓe ta, su ba ta sinadarin fosfaras, ta ba su sukari. Ƙasar Arewa ba ta da irin waɗanda suka dace da shi, don haka dashen da ba a haɗa shi da su ba sai ya yi rawaya ya tsumbure. Maganin da aka yi amfani da shi shi ne ɗebo ƙasa daga gindin tsofaffin itatuwan fayin a gauraya da ta wurin raino. Daga baya aka gwada Pisolithus tinctorius, wanda ya fi jure zafin ƙasa. An kuma gano dashen na buƙatar takin fosfaras a ƙasar sabana. Cikas na biyu shi ne gobarar hunturu: busassun tsinkaye suna taruwa a ƙasa ba sa saurin ruɓewa, ga ƙaro, ga iska.

To a wane rukuni za a sa gandun Afaka? Mai bin sunan itace zai haɗa shi da dajin Miskito, tunda caribaea ne a sama. Amma ƙarƙashinsa na Kaduna ne. A gefe da inda haske ya ratsa, gamba da ƙyasuwa da tofa ne ke fitowa, tare da tohon tsofaffin kututturan da suka tsira daga sharar fili. A tsakiya, inda aka dasa itatuwa kusa da juna a layi, inuwa da shimfiɗar tsinkaye sukan hana kusan komai fitowa. Shekarun itatuwan ɗaya ne, tazararsu ɗaya. Abin da ya dace shi ne a buɗe wa irin wannan wuri babi na dabam, na dazuzzukan dashe, a rubuta shi da abu huɗu: nau'in da aka dasa, shekarar dashe, shiyyar asali da ya zauna a kai, da tsirran ƙarƙashinsa. Da haka ne za a bambanta gandun Afaka da na Miyango, duk da cewa iri ɗaya aka kai musu, domin Afaka tana kimanin mita 600 bisa teku, tsaunin Jos kuwa ya haura mita 1,000.

5.0 Fagge da Sabon Gari

Kano tana kan digiri 12 arewa da ikwaita. Iyakar kudu ta dajin caribaea a Nikaraguwa ma kusan a kan wannan layi take. Da layin taswira ne ke yanke hukunci, da an ga fayin a bakin Titin Katsina. Amma ruwan Kano a yawancin shekaru bai kai milimita 1,000 ba, yana sauka ne cikin wata huɗu zuwa biyar, sauran watannin kuma rani ne, ga zafin Afrilu da kan kai digiri 40, ga birnin bai kai mita 500 bisa teku ba, balle tsayi ya rage masa zafi. Kaduna tana samun kimanin milimita 1,200, Jos kimanin 1,400. Wannan ratar ce ta sa binciken daji a Kano ya karkata ga shingen itatuwa masu tare iska, inda darbejiya da turare suka fi amfani.

Itacen da wasu masu sayar da dashe da masu gidaje ke ɗauka fayin ne a Kano galibi kasharina ce, Casuarina equisetifolia, 'yar asalin gaɓar Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya. Ita mai fure ce, ba ta da dangantaka da Pinus. Abin da ake gani kamar tsinke a jikinta ƙananan rassa ne masu gaɓa-gaɓa, ana iya tsinke su gaɓa bayan gaɓa. Tsinken fayin ba shi da gaɓa. Ɗalibin da bai yi wannan ɗan gwaji ba yana iya rubuta dajin fayin a harabar makaranta a Sabon Gari, kuskuren ya shiga kundin digiri, wani ya kwafa.

Duk da haka unguwannin biyu suna da abin koyarwa a kan matsalar da gandun Afaka ya taso da ita, domin su ma tsirransu na dashe ne. Fagge tsohon zango ne a wajen ganuwa, masaukin ayarin Azbinawa da fataken Arewa. Sabon Gari kuwa an yanka shi ne a wajajen 1913, bayan isowar layin dogo a 1911, da tituna miƙaƙƙu da filoti-filoti. A yau duka biyun suna cikin ƙaramar hukumar Fagge, tare da Kantin Kwari da Kasuwar Abubakar Rimi. A taswira wurin shiyyar Sudan ne, amma itacen da ya fi yawa shi ne darbejiya, baƙuwa daga Indiya wadda ta shigo Nijeriya ta Borno a 1928. Kiran wurin dajin Sudan bai faɗi abin da ke ƙasa ba, kiransa wurin da ba tsirrai kuma ya fi muni.

Ana iya fara rarrabe shi gida huɗu, a matsayin shawara da ke jiran awo. Akwai layin bakin titi, na darbejiya da ɗaiɗaikun maɗaci, wanda ƙarƙashinsa kwalta ce ko tebur ɗin mai sana'a, kuma faɗaɗa hanya da ginin shaguna suna cin sa. Akwai harabar makarantu da masallatai da coci-coci da ofisoshi, inda ake haɗa darbejiya da turare da mangwaro da kasharina, ana ba wasunsu ruwa, don haka rayuwarsu ba shaida ba ce a kan ruwan sama. Akwai kangon fili da gefen bola, wurin tumfafiya da tafasa da rai-ɗore da ƙarangiya. Wannan ba wanda ya shuka shi, kuma shi ya fi kusa da abin da tsarin Braun-Blanquet ya san yadda zai yi da shi. Sai bakin ruwa, lambunan Kwakwaci da na gaɓar rafin Jakara da ake ban ruwa da ruwan da ya fito daga gari, da kududdufai masu kainuwa da kacala. Tsohuwar kuka ko tsamiya ko durumi da ta rage a wani lungu ba rukuni ba ce, amma ta cancanci a rubuta ta ita kaɗai, domin ita ce ragowar shaidar abin da ke wurin kafin gini.

Rabon Hausawa na gargajiya yana taimakawa a nan fiye da yadda ake zato. Manomi yana bambanta jigawa da fadama da fako da marmara, ya san sabara da kalgo na saura ne, giginya ta kwari ce. Ma'auninsa ƙasa da ruwa ne, wato abin da ya raba dajin Bahamas da na Miskito. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa tun 1916, kuma mai awon da ya haɗa sunan gida da na kimiyya a takardarsa ya fi samun haɗin kan masu unguwa da masu lambu.

6.0 Yadda za a yi awon

Fegi mai murabba'i, kamar mita 20 sau 20, ya dace da gandu irin na Afaka, muddin an yanka wasu a tsakiya wasu a gefe, an kuma nemi tarihin gobarar kowane yanki daga ma'aikatan gandun. A Sabon Gari ba zai yiwu ba, don fegin zai faɗa kan rufin kwano. Abin da ya dace da bakin titi shi ne dogon zirin awo mai bin hanya, a ƙirga kowane itace, a auna kaurinsa a tsayin mita 1.3 daga ƙasa kamar yadda ma'aikatan daji suka saba, a rubuta ko an sassabe shi, ko an zagaye gindinsa da siminti. Ciyawa da ƙananan tsirrai kuma a auna su a fegi ƙarami na mita 1 sau 1.

Lokaci ma yana da hukunci. Ƙarshen damina, daga Satumba zuwa farkon Oktoba, shi ne sa'ad da ciyayi ke fitar da kai a gane su. Wanda ya je kangon fili a watan Maris zai tarar da ƙura da tumfafiya kawai, wanda ya je Afaka bayan gobara kuma zai rubuta toka. Hoton tauraron ɗan adam da aka ɗauka a tsakiyar rani yana da nasa amfanin, domin a lokacin ciyawa ta bushe, itatuwan da ba su kaɗe ba sun fito fili. Sai dai a Kano gawo zai rikita lissafi, tunda shi da rani yake yin ganye ya kaɗe da damina, kuma daga sama ba a raba inuwar darbejiya da ta mangwaro sai an taka ƙasa an tabbatar.